Mene Ne Zugazugin Kyamara, Kuma Da Me Ake Sabunta Shi?

Tun da wasu masu ɗaukar hoto suka sake komawa ga fim, ana yawan ambaton zugazugin babbar kyamara, wato irin wadda fim ɗinta ke kai inci 4 da 5, ko inci 8 da 10, kamar na kamfanin Linhof na Jamus da Sinar na Suwizalan. Shi ne baƙin aljihun nan mai ninki-ninki, mai kama da zugazugin maƙera, wanda ke haɗa gilashin gaba da mazaunin fim, yana miƙewa yana takurewa domin a daidaita hoto, bisa sharaɗin kada haske ya kutsa ko da ƙwayar zarra.

Bisa al'ada hawa uku ake yi masa: siririyar fata a waje, baƙin ƙyalle a ciki, sa'an nan sassan kwali a tsakani, waɗanda su ne ke tsayar da ninkin. Illarsa kuwa a kusurwoyi take bayyana, domin nan ne lanƙwasa ta fi yawa. Bushewar iska na fasa fatar, danshi na sa ta yi fumfuna, har ƙananan huji su ɓata fim mai tsada. Mai son tabbatarwa sai ya kunna tocila a cikinsa cikin ɗaki mai duhu.

Yanzu galibi da ƙyallen nailan mai rufin roba ake sabunta shi, wanda ya fi jure danshi, ko da yake wajibi ne ya zama siriri, in ba haka ba kyamarar ba za ta rufu ba. Masu gyara da masu adana kayan tarihi lamarin ya fi shafa, kuma a ganina liƙe huji jinkirta matsala ne kawai, sabuntawa ita ce magani.