Hayaƙi Mai Kwana A Kwari: Abin Dubawa Kafin A Kafa Gida

Tun daga ƙarshen shekarar 2024, sa'ad da aka yi sulhu a ƙasar Birnin Gwari har Gwamna Uba Sani ya je ya sake buɗe kasuwar dabbobi ta garin, mutane da dama suka shiga komawa ƙauyukan da suka gudu suka bari. Waɗansu kufai suka tarar, tilas su sake gini. Ban da su kuma akwai baƙi, fatake da ma'aikata, masu neman gidan haya. Mai neman mazauni yakan tambayi abu uku: ruwa, da ƙasar noma, da zaman lafiya. Akwai na huɗu wanda ba safai akan tambaya ba, watau iskar da shi da iyalinsa za su riƙa shaƙa. Baligi yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a kwana ɗaya, watau cikin ganga 50 ke nan irin ta mai. Ruwa akan zaɓa, a tace, a tafasa. Iska kuwa wadda aka tarar ita ake shaƙa.

Ƙasar Birnin Gwari ba ta da manyan tsaunuka irin na Jos ko Mambila. Amma wanda ya bi hanyar nan daga Kaduna ya san ƙasa ce ta hawa da gangara, ga duwatsu nan da can, ga ƙoramu da rafuka da yawa masu zuba ruwansu a kogin Mariga. Kowane rafi da kwarinsa. A cikin kwarin nan ne fadama take, a nan rijiya ba ta zurfi, a nan ake shinkafa da rake da lambu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutum ya so ya kafa gidansa a gindin gangare. Sai dai kwari yana da wani hali game da iska wanda ya kamata a sani.

Ga yadda abin yake. Da rana, zafin rana yakan gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke bisanta. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sai ta tashi sama, ta ɗauki hayaƙi da ƙura ta tafi da su. Shi ya sa hayaƙin tsakar rana yakan miƙe ya ɓace. Amma da rana ta faɗi, musamman da ɗari sa'ad da babu gajimare, ƙasa takan huce da sauri, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi. Iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta. Sai ta riƙa gangarowa daga tudu da jikin duwatsu, kamar yadda ruwan sama ke gangarowa, har ta taru ta kwanta a cikin kwari. Iska mai ɗan ɗumi ta zauna a bisanta kamar faifai a bakin ƙwarya. To, duk hayaƙin da aka tayar a ƙarƙashin faifan nan ba shi da mafita. Nan zai kwana tare da mutane, sai hantsi ya yi, rana ta sake gasa ƙasa, sa'an nan murfin ya buɗe.

Manomin fadama ya san rabin wannan magana tun da daɗewa, ko da ba a gaya masa ba. Ya san in ya gangara lambu da asuba sanyi yakan ƙaru tun daga rabin hanya, raɓa kuma ta fi yawa a ƙasa. Abin da ya rage shi ne ya ɗaga kai ya dubi hayaƙi. Idan hayaƙin murhu ya tashi ya kai tsawon bishiya, sa'an nan ya tsaya cik ya bazu gefe da gefe kamar an shimfiɗa tabarma, to, daidai nan murfin yake.

Kada mai karatu ya zaci wannan ƙaramin abu ne. A ƙasashen Turawa sai da aka yi hasarar rayuka kafin a gane shi sosai. A watan Disamba na 1930, a kwarin kogin Mas na ƙasar Beljiyam, inda masana'antu suka yi yawa, iska ta tsaya 'yan kwanaki, mutum fiye da 60 suka mutu. A watan Oktoba na 1948 haka ta faru a Donora, wani ƙaramin gari na maƙeran ƙarfe da ke cikin kwarin kogi a Amurka. Cikin kwana biyar mutum 20 suka rasu, dubbai suka kwanta. Mafi muni shi ne na Landan a Disamba 1952, inda hayaƙin kwal na gidaje da masana'antu ya rufe birnin, lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 suka hallaka, daga baya aka ga sun fi haka nesa. Wannan ya sa Ingila ta yi dokar tsabtace iska a 1956. Lalle babu irin waɗannan masana'antu a Birnin Gwari, kuma ba a cewa irin wannan annoba za ta auku. Amma halin iska ɗaya ne a ko'ina, bambanci kawai shi ne abin da aka zuba mata.

Me ake zuba mata a wannan ƙasa? Na farko hazo, wanda ba laifin kowa ba ne. Yawancin ƙurar hunturu daga wani busasshen kwari take tasowa a arewacin Cadi, ana ce da shi Bodele, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta har nan. Ba mai iya tare ta, sai dai a rufe hanci, a killace yara da tsofaffi ranar da ta yi kauri. Sauran duka kuwa aikin hannun mutane ne, kuma abin haushi, daidai lokacin hazon suke zuwa.

Ƙunar daji ita ce babba. Daga kaka zuwa bazara da wuya a yi dare ba a hangi jan wuta a wani gefe ba: wannan mafarauci ne yana neman gafiya, wancan makiyayi ne yana son sabon toho, wancan kuma manomi ne yana sassabe. Yawanci kuma da la'asar ake cinna wutar, don an ga iska ta kwanta. Watau daidai sa'ad da murfi zai rufe. Kututture ya kwana yana ci a hankali, hayaƙinsa ya bi gangare ya sauka kan masu barci. Ga kuma hasarar gona. Karan dawa da na masara da aka ƙone, abincin ƙasa irin wanda ake saye da tsada a buhun yuriya yakan bi hayaƙi ya tafi, toka kaɗai ta rage, ita ma iska ta kwashe rabi. Da an bar wa shanu karan sun ci sun yi kashi a gonar, da an ci riba biyu.

Sai gawayi. Wannan sana'a ta bunƙasa saboda tsadar kananzir da gas a birane, kuma dajin wannan yanki, mai doka da kirya da marke da kaɗanya, shi ne irin wanda masu ita ke so. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, sare itace a cikinsa laifi ne. Amma ko a wajen gandu, ramin gawayi maƙwabci ne marar daɗi. Ana tara itace a binne da ƙasa, wuta ta yi kwanaki tana ci ba tare da isasshiyar iska ba, kuma mafi yawan nauyin itacen a hayaƙi da tururi yake ƙarewa. Wutar daji takan wuce a dare ɗaya. Ramin gawayi kuwa dare da rana yake turnuƙe. A sare kaɗanya don buhun gawayi, alhali mata na cin amfanin manta kowace shekara, wannan ma wata magana ce ta dabam.

Abin da ke cuta a cikin hayaƙi ba baƙin da ido ke gani ba ne kaɗai. Akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera wajen 30 kafin su kai kaurin silin gashi. Gashin hanci ba ya tare su, sukan wuce can cikin huhu, waɗansu har cikin jini. Su ke tayar da fuka, su ke sa tarin da ba ya jin magani, su ke buɗe wa ciwon haƙarƙari ƙofa a jikin jarirai. Yaro ya fi babba saurin numfashi, don haka ya fi kwasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki na cikin gida kaɗai yana kashe mutum kimanin miliyan 3 kowace shekara. Wanda ya fi gaggawa shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Farkonta ciwon kai da jiri, ƙarshenta barcin da ba a tashi. Janareta ma ita yake fitarwa, saboda haka ba a kwana da shi a zaure ko a gindin taga. Ɗakin maijego, inda aka fi son ɗumi, nan ya fi bukatar kafar iska.

Ƙasar Birnin Gwari tana da zinariya, to, ita ma da tata ƙurar. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a Zamfara saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a Shikira ta ƙasar Kagara, maƙwabciya ta kudu, yara 28 suka rasu. Ba kowane dutse ne ke da dalma ba, amma ido ba ya rarrabewa. Kada a kawo dutse gida, kada a niƙa shi da injin hatsi, kada kuma a ƙona zaiba a inda ake girki, don tururinta guba ne kuma ba a jin warinsa.

To, ina ya kamata a kafa gida? Ba a gindin kwari ba, ba kuma lalle a ƙololuwar tudu ba, inda iska ke yaye jinka, rijiya kuma ta ƙi ruwa. Tsakiyar gangare ita ce daidai, inda sanyin dare ke wucewa ba ya tsayawa. Wani lokaci tafiyar taki ɗari biyu ko uku sama ta isa a fita daga cikin tabarmar hayaƙi, a kuma rage sauro. Fadama a bar ta ga shinkafa. Hanyar ganewa ba ta bukatar na'ura ko kuɗi: mutum ya je wurin da ɗari, bayan sallar asuba, ya hau tudu ya duba inda hayaƙi ya kwanta. Wanda ya je duba fili da azahar, ko da damina sa'ad da ruwa ya wanke sama, bai ga kome ba. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai neman haya a cikin gari shi ma haka zai yi, ya ƙara da duba ko gidan yana ƙasa da tashar manyan motoci, ko juji, ko mahautar da ake babbaka da tayar mota.

Wanda ya riga ya yi gini a kwari ba a ce ya rushe ba. Abin da ya rage masa da maƙwabtansa shi ne su rage abin da ke tashi da dare, wannan kuwa sai da bakin mai unguwa. Ramin gawayi a kai shi nesa, kudu maso yamma da gari inda iskar hunturu za ta kore hayaƙin, kuma kada ya kasance a saman gangaren da gidaje ke ƙarƙashinsa. Madafa a ba ta taga biyu, ko a yi girki a waje, da busasshen itace. Idan ƙuna ta zama tilas a gona, a share iyaka tukuna, a tara sharar tsibi tsibi, a zaɓi ranar da iska ba ta da ƙarfi, a cinna da hantsi sa'ad da hayaƙi ke miƙewa sama. Mai wutar ya tsaya a kanta, ya kashe kututturen da ya kama kafin la'asar.