Ɗan Gajimaren Da Iska Ba Ta Korawa

Bayan an gama yankan hatsi, makiyayi da ke kwana a daji wajen Gazawa ko Agye yana ganin abin da mutanen birnin Maradi ba su gani. Cikin watan Nuwamba, bayan lisha, in babu farin wata babu hazo, Kaza da ƴaƴanta tana gabas. A juya arewa, a ɗaga kai sosai. Akwai wani ɗan fari-fari kamar hayaƙi. Ba gajimare ba ne, don ba ya gudu da iska. Taron taurari ne masu ɗimbin yawa, sunansa Andiromeda. Haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso gonakinmu.

Wani malami, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta labarinsa tun wajen shekarar 964. Amma ido bai iya nuna siffarsa. Ido yana gani ne yana zubarwa. Na'urar hoto kuwa tara haske take, kamar tulun da aka girka ƙarƙashin indararo: ɗigo-ɗigo har ya cika.

Wanda ya fara nuna siffar ba malamin jami'a ba ne. Isaac Roberts ɗan kwangilar gini ne a Ingila, kallon sama sha'awarsa ce kurum. A 1888 ya bar na'urarsa buɗe awa 4, tana bin wannan hayaƙi sannu-sannu yadda sama ke juyawa. Da hoto ya fito, sai ga abu a naɗe kamar saƙar faifai, tsakiya da haske, baki dishi-dishi. A 2022 ma wasu masu sha'awa na Faransa da Jamus sun tara hasken sama da awa 100, suka gano wani hayaƙin kusa da shi wanda manyan masana ba su lura da shi ba.

Masu wannan aiki a Turai doguwar tafiya suke yi neman duhu, don wutar lantarki ta cinye masu sama. Ƙauyukan Gidan Rumji suna da duhun nan kyauta. Yaro mai salula wadda ke ɗaukar hoton dare na iya gwadawa: ya nisanci tocila da wutar shayi, ya kifa turmi, ya jingina salular bisa kai, kada ta motsa. Faifan ba zai fito ba, wannan sai da madubin hangen nesa. Ɗan farin tabo zai samu tsakanin taurari.