Malam Abdullahi na Gwandu

A nan Mahuta mun san malami da allo da tawada, jarumi kuwa da doki da takobi. Yau za mu karanta labarin wanda ya haɗa biyun.

Malam Abdullahi ƙanen Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ne. Ya yi karatu wurin Shehu, ya zama babban malami.

A shekarar 1804 yaƙi ya tashi tsakanin jama'ar Shehu da Yunfa, Sarkin Gobir. Aka ba Malam Abdullahi shugabancin runduna. Suka kara a Tabkin Kwatto. Gobirawa sun fi su dawaki, amma aka kore su.

Da nasara ta samu, sai ya ga waɗansu mayaƙa sun koma neman dukiya da sarauta. Ransa ya ɓaci. A 1807 ya bar runduna, ya nufi Makka. Kanawa suka tsai da shi, suka roƙi ya koyar da su. Ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, a kan mulki da adalci, sa'an nan ya koma gida.

Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu. Dokinsa da takobinsa sun shuɗe, amma har yau malamanmu suna karanta littattafansa a zaure.