Kafin ka miƙa kuɗinka: yadda za ka zaɓi talabijin ɗin bango da ɗan abin da ke hannunka

Idan kana shirin aure, ko ka kama ɗaki a Nasarawa kana son ka daina zuwa gidan kallo duk ranar da Arsenal ke wasa, ko kuma ke ce aka ɗora wa nauyin zaɓen kayan ɗakin yayarki, to akwai ranar da za ku tsaya gaban bangon shago mai ɗauke da talabijin goma sha, kowane yana walƙiya, mai shago yana cewa "ɗauki wanga, ɗan'uwa, shi ake yayi." A wannan minti biyar ɗin ne mutane da yawa ke zubar da kuɗin da suka yi wata da watanni suna tarawa a adashi.

Kuma kuɗin ba wasa ba ne. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Gilashin talabijin da kayan cikinsa daga waje ake shigo da su, ko da a Legas aka haɗa shi, shi ya sa farashi ya bi dala ya tashi. Ɗan bautar ƙasa mai karɓar N77,000 a wata sai ya haɗa alawus na wata biyu ko fiye kafin ya ɗauki sabo mai suna. Abin da aka sha wa wahala haka bai kamata a saye shi da ka ba.

"Filasma" da muke faɗa ba filasma ba ce

A nan Kabi duk talabijin mai faɗi filasma ne a bakinmu. Amma manyan kamfanoni irin su Panasonic, Samsung da LG sun daina ƙera filasma ta gaskiya tun wajen 2014. Idan wani ya kawo maka na hannu ya ce "ai wannan asalin filasma ce", to ka sani ta haura shekara goma, tana shan wuta sosai, tana kuma fitar da zafi kamar kasko. A ɗakin Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, wannan azaba ce za ka saya da kuɗinka.

Abin da ke kasuwa yanzu LED ne: gilashi ne mai ƙananan fitilu a bayansa suna haska hoton. QLED ma ɗan gidansu ne, an dai ƙara masa kyan launi. OLED shi ne na daban, kuma kuɗinsa ba na mai lissafin aljihu ba ne. Ga ni da kai, maganar LED ake yi.

Auna ɗakinka kafin ka auna burinka

Inci da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, a karkace, kuma gilashin kaɗai ban da bakinsa. Inci 32 santimita 81 ne, inci 43 santimita 109, inci 55 kuwa wajen 140. Ka ari tef wajen telan unguwarku ka sa a aljihu. Akwai marasa suna da ake rubuta 43 a kwalinsu, ka auna ka ga bai kai ba.

Idan tsakanin inda kake zama da bango bai wuce mita biyu ba, kamar ɗakin ɗalibi a kusa da Waziri Umaru ko a Kalgo, inci 32 ya ishe ka. Falon amarya mai mita biyu da rabi zuwa uku, inci 43 ya fi dacewa. Kada bambancin lambar ya ruɗe ka: faɗin fuskar 43 ya kusa ninka na 32 sau biyu. Inci 55 zuwa sama na babban falo ne ko mai shirin buɗe gidan kallo.

HD, Full HD, 4K: wanne ne naka?

Hoton da kake gani tarin ƙananan ɗigo ne. Wanda aka rubuta wa HD yawanci yana da 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Full HD yana da 1920 da 1080, sama da miliyan 2. Shi kuwa 4K yana da 3840 da 2160, sama da miliyan 8.

A takarda 4K ya yi nasara. Amma tsaya ka tambayi kanka: me zan riƙa kallo? Idan GOtv ne, ko StarTimes, ko dish na kyauta da kake kama Arewa24 da tashoshin Larabawa, hoton da ke shigowa bai kai 4K ba, da yawa ma ba su kai Full HD ba. Talabijin ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba, shimfiɗa shi kawai yake yi ya cika fuska. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayi ƙaton 4K, ya kunna Daɗin Kowa, ya fara ƙorafin hoto ya fi kyau a shago.

Idan kuma ka ce ai ta intanet zan kalla, to yi lissafin data. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya a HD yana iya cin gigabait 3, a 4K kuma har 7. Tun farkon 2025 da hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, wa ke da gigabait 7 na zubarwa a kan awa ɗaya na Labarina?

Saboda haka: a inci 32, HD ya wadatar. A inci 43, ka dage sai Full HD. 4K ya fara amfani ne daga inci 50 zuwa sama, ga mai intanet na gida ko mai wasan PlayStation 5. Daga nisan mita uku, idonka ba zai bambance Full HD da 4K a inci 43 ba.

"Smart" ko mara "smart"?

Nan ne matasa suka fi faɗawa. Kalmar tana da daɗi a baki, amma ba kowane smart ba ne mai wayo. Samsung suna da tsarinsu Tizen, LG suna da webOS, Hisense suna da VIDAA, TCL da wasu suna amfani da Google TV. Waɗannan suna buɗe YouTube lafiya. Matsalar tana ga marasa suna da aka cusa wa tsohon Android na waya: ƙwaƙwalwarsu ƙarama, ka danna rimot ka tafi ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba, bayan shekara ɗaya kuma YouTube ya ce shi ba ya aiki a nan.

Idan kuɗinka bai kai smart mai suna ba, sayi mara smart mai kyan gilashi, daga baya ka haɗa masa ɗan akwatin intanet ta kafar HDMI. Ranar da akwatin ya tsufa ka canza shi kaɗai. Ka dai tabbatar akwai kafar HDMI aƙalla biyu, da ta USB, da ta jan-fari-rawaya idan dikodar gidanku tsohuwa ce. Ka duba kuma ko an rubuta DVB-T2, wato yana kama tashoshin dijital da eriya. Wasu har da DVB-S2, ka haɗa wayar dish kai tsaye ba sai da risiba ba.

Wuta ita ce alƙali

Kowa ya san halin wuta a garin nan: a kawo, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi ko ta zo kamar kyandir. Juya bayan talabijin ɗin ka karanta takardar da ke manne. Abu biyu za ka nema. Na farko, 100-240V, alamar yana jure ƙarancin wuta. Na biyu, lambar da ke gaban harafin W, wato yawan wutar da yake sha.

Ga lissafi mai sauƙi. Mai shan wat 50, idan ka kunna awa 6 kullum, yunit 9 zai ci a wata. Mai wat 120 zai ci sama da yunit 21. Idan sola kake da ita da batir ɗaya mai 12V 100Ah irin na ruwa, wanda ba a son a sha fiye da rabinsa, mai wat 50 zai kai ka wajen awa 10, mai wat 120 kuwa da ƙyar ya wuce awa 4, ban da fanka da fitila. Ga wanda ke ƙauyukan Argungu ko unguwar da wuta ke kwana biyu ba ta leƙo ba, akwai talabijin masu aiki da 12V kai tsaye daga batir, babu ruwansu da inbata. Tambaye su da sunan "na sola".

Kuma don Allah kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan talabijin. Mu ce N200,000 gare ka. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don abin kare wuta mai jinkirta kunnawa ko sitabilaiza, da ƙarfen ratayewa, da wayar HDMI, da ladan mai ɗaurawa. Wuta mai ƙarfi ta daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone abin da ka yi shekara kana tarawa, kuma garanti ba ya biyan wannan.

Sabo ko na hannu?

Na hannu, wanda ake kira Beljiyam, yana da jan hankali: sunan babban kamfani a rabin kuɗi. Wani lokacin a dace. Sai dai fitilun bayan gilashi suna da iyakar rayuwa, kuma babu wanda zai gaya maka awa nawa aka yi ana kunna shi a Turai ko a gidan wani. Wasu kuma an riga an buɗe su an yi musu ɗori. Idan za ka saya, tafi da mai gyara wanda ka yarda da shi, ba wanda mai shago ya kira maka ba.

A ɓangaren sabo kuma, hattara da jabu. Liƙa sunan LG ko Samsung a goshin talabijin ba wuya ba ne. Lambar samfurin da ke kwali, da wadda ke bayan talabijin, da wadda ke cikin saitinsa dole su zama ɗaya. Kwafe ta ka sa a Google a wayarka nan take. Idan shafin kamfanin bai san ta ba, kai ma kada ka san ta. Idan kuma farashin ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, tuna cewa araha ba ta ado. Gara sabon Hisense ko TCL na gaskiya mai inci 32 da jabun Samsung mai inci 50.

Gwajin minti goma a cikin shago

Bidiyon furanni da tsuntsaye da ake kunnawa a shago an shirya shi ne don ya sace ido. Kai zo da naka. Tun daga gida ka zuba a filash hotuna biyar masu launi ɗaya: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi, sai gajeren bidiyon ƙwallo da wani yanki na fim ɗin Hausa.

A farin hoto, nemi tabo mai duhu ko ɗigon haske kamar taurari, ko launin da ya karkata zuwa shuɗi. Duk alamun fitilu sun gaji ne. A baƙin hoto, duba ko haske na tsiyaya daga gefe. A sauran launukan, matso kusa ka nemi ɗigon da ya mutu. A bidiyon ƙwallo, lura ko ƙwallon na jan wutsiya idan an buga. Ƙure murya ka ji ko sifika na karkarwa. Gwada kowace kafa da kowane maɓallin rimot.

Sannan wani abu da ake mantawa: a gidajenmu ba kowa ke kan kujera ba. Yara da baƙi a kan tabarma ko kafet suke, wasu a gefe. Durƙusa ka kalli hoton daga ƙasa, ka koma gefe ka kalla. Wani gilashin da ka kauce kaɗan sai fuskokin mutane su koma toka.

Wanda aka gwada shi za a mayar a kwali a gabanka. Kada ka yarda da "bari a ɗauko maka sabo a sito" sai an buɗe shi ma an kunna.

Risiti, garanti da hanyar gida

Risiti ya ɗauki sunan shago, kwanan wata, lambar samfuri da lambar jikin talabijin ɗin. Tambayi wata nawa ne garanti, kuma idan ya lalace ina za a kai shi: nan Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko sai Kano? Garantin da zai sa ka biya kuɗin mota zuwa Kano sau biyu rabin garanti ne. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi, amma ba tare da risiti ba bakinka kawai za ka kai. Masu saye ta Facebook ko TikTok kuma, kada ku tura ko kwabo kafin kaya ya iso hannu ku gwada.

Wajen ɗauka, a tsaye ake riƙe shi cikin kwalinsa, ba a kwance ba. Kada ka ɗora shi a bayan kabu-kabu don ka rage ɗari biyar. Idan Argungu za ka wuce da shi, biya masa kujera a mota ka zauna kusa da shi. Gilashi idan ya tsage, kuɗin canza shi ya kusa na sabo.

Idan ya iso gida, rataye shi daidai idon wanda ke zaune, nesa da taga da hasken rana, ka bar masa sarari a baya ya sha iska. Yawancin kamfanoni sun ce kada zafin ɗaki ya wuce digiri 40, mu kuwa a bazara muna wuce nan, don haka rage hasken fitilarsa zuwa rabi, zai fi daɗewa kuma ya rage shan wuta. Lokacin hunturu rufe shi da ƙyalle idan an kashe, ka goge da busasshen tsumma mai laushi, ban da ruwa da omo. Da damina kuwa, hadari na haɗuwa ka zare filogi da wayar dish gaba ɗaya, domin tsawa ta wayar dish take shigowa.

Ka zagaya shago uku kafin ka ciro kuɗi, a babbar kasuwa da wajenta, ka rubuta farashin samfuri ɗaya a kowanne. Idan abin da kake so ya fi ƙarfin aljihunka yau, ƙara wata ɗaya kana tarawa ya fi ka ci bashi don 'yan biki su ce falo ya haɗu. 'Yan biki kwana biyu za su yi su watse, kai ne za ka zauna da talabijin ɗin da mai bin bashin.