Ko Ka Sani? Jirgin da Matuƙinsa Ke Kashe Inji a Sararin Samaniya

Ko ka san akwai jirgin saman da matuƙinsa ke kashe inji da gangan bayan ya lula sama, ya ci gaba da tafiya awa huɗu ko biyar bai ƙona ko ɗigon fetur ba? Jirgin shawagi mai inji ke nan. Ƙarami ne, mutum ɗaya ko biyu yake ci, fukafukansa dogaye ne sirara. Inji ke ɗaga shi daga ƙasa, daga nan sai aiki ya koma hannun iska. Mutum zai zaci injin da ake kashewa haka bai cancanci wata kulawa ta musamman ba, tunda ko ba shi jirgin na tafiya. Sai ga shi hukumomin sufurin sama sun kewaye shi da dokokin bincike masu tsauri, kuma wanda ya bi dalilansu zai ga suna da gaskiya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ta Nijar ya san iskar da wannan jirgi ke hawa, ko da bai taɓa sa jirgin a ido ba. Da hantsi a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haure digiri 40, ɗaga kai a kasuwar Lahadi ta Filinge, za ka ga shirwa tana kewaye tana ƙara sama ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya. Rana ce ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta rage nauyi ta tashi a dunƙule. Faƙo da duwatsun bakin Dallol Boso sun fi fadama mai laima saurin ɗaukar zafi, don haka a kansu iskar ta fi tashi. Guguwar da ke murɗe ƙura da karmami a saura ita ma wannan iskar ce, ƙura ce kawai ta bayyana ta. Shamuwa da ke zuwa mana gab da damina, da ita take cin dogon zango.

Shi jirgin, idan an kashe inji, kullum gangarowa yake yi a hankali, abin da bai kai mita ɗaya a daƙiƙa ba. In ya shiga iskar da ke tashi mita uku a daƙiƙa, ya ci ribar mita biyu ke nan. Sai matuƙi ya yi ta kewaye a ciki har ya ƙoshi, sannan ya miƙe ya nemi wata a gaba. Akwai wani samfuri ƙirar Jamus, Stemme S10, mai faɗin fukafukai mita 23, wanda ke tafiyar mita 50 gaba kafin ya gangaro mita ɗaya. Tsakanin Filinge da Yamai kimanin kilomita 180 ne, to bisa lissafi, in iska na kwance, tashi mita 3,600 ya ishe shi ya isa babban birnin da inji a kashe. Da irinsa ne Bajamushe Klaus Ohlmann ya yi kilomita 2,463 a rana guda a shekarar 2000, a kan tsaunukan Andes na ƙasar Ajantina.

Gidan wannan jirgi Jamus ne da Ostiriya da Faransa, amma Afirka ba baƙuwarsa ba ce. A zamanin Kwame Nkrumah, an buɗe makarantar koyon shawagi a Afienya ta ƙasar Gana, ta yi aiki har juyin mulkin 1966. A Namibiya kuwa, Turawa na tururuwa zuwa Bitterwasser duk ƙarshen shekara saboda ƙarfin iskar hamada. Mu nan, danginsa ne suka iso mana. Kamfanin Diamond na Ostiriya da jirgin shawagi mai inji ya soma, wanda ake kira Dimona, kuma shi ne ya ƙera DA42 da sojan saman Nijar suka saya, da DA40 da DA42 da ake koyon tuƙi da su a kwalejin sufurin sama ta Zariya. Ƙananan jiragen Tétras ƙirar Faransa da sojan saman Nijar suka samu kuwa, injin Rotax 912 ne a cikinsu, wato ainihin injin da ke cikin jiragen shawagi da dama.

To me ya sa ake tsananta wa wannan inji? Dubi lokacin da ake bukatarsa. Yamma ta yi, rana ta yi sanyi, iska ta daina tashi, jirgi na ta gangarowa, filin sauka kuma da nisa. A nan ne matuƙi ke miƙa hannu ya tayar da inji. Injin ya yi awoyi a kashe cikin sanyin sama, bakin mai ya yi kauri, batir ya sha aiki wajen ciyar da rediyo da na'urori alhali babu abin da ke caja shi. Dole ya tashi nan take, don mintoci kaɗan ne suka rage. Akwai ma samfurin da injinsa ke naɗe a bayan matuƙi, sai an ɗago shi waje a kan wata sanda. In aka ɗago shi ya ƙi tashi, ya zama kaya, iska na dukan sa, jirgin ya riƙa faɗowa fiye da ninki biyu na da. Shi ya sa ake koya wa matuƙa cewa kada su taɓa makunni sai sun riga sun zaɓi gonar da za su sauka in injin ya ƙi.

Masu lambu a Bonkuku da Baleyara sun san halin injin ban ruwan da aka jingine tun farkon damina. Ranar da aka ɗauko shi, fetur ya yi tsami ya toshe kabureta, tiyo ya bushe ya tsage, tsatsa ta kama ciki. Zama na cin inji kamar yadda aiki ke cin sa, wani lokaci ma fiye. Injin jirgin shawagi kuwa yawancin rayuwarsa a zaune yake, akwai wanda aikinsa a shekara guda bai wuce ƴan awoyi ba. Saboda haka doka ba ta tsaya ga ƙirga awoyin aiki kaɗai ba, tana ƙirga watanni da shekaru, kuma duk wanda ya riga cika shi ake bi.

Ɗauki Rotax 912 ɗin nan, wanda ake ƙerawa a Gunskirchen ta Ostiriya tun 1989. Silinda huɗu gare shi, ƙarfin doki 80 ko 100 gwargwadon samfuri. Sabo ne ko wanda aka yi wa garambawul, ana yi masa binciken farko bayan awa 25. Daga nan sai duk awa 100 ko duk wata 12. Idan fetur mai dalma aka fi ba shi, juyen bakin mai na komawa duk awa 50, domin dalma na taruwa ta yi laka a cikin mai. Kayan roba, wato tiyon fetur da na ruwa da na bakin mai, ana cire su duk shekara 5 ko da suna ƙyalli. Garambawul kuma sai a awa 2,000 ko shekara 15. Da farko awa 600 kacal kamfanin ya yarda da ita. Sai da aka yi shekaru ana kwance injuna ana auna abin da ya ci a cikinsu, sannan aka riƙa ƙarawa har aka kai 2,000 a 2009.

Binciken awa 100 ya wuce juye da canjin fulogi. Bakanike zai yanka tsohuwar filtar mai, ya buɗe takardar cikinta ya duba a haske ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Akwai wani noti mai maganaɗisu a jikin injin, aikinsa kawai ya kama irin wannan ɓurɓushi, shi ma a kwance a duba. Inji ba ya mutuwa farat ɗaya, yakan soma zubar da garin jikinsa tun da sauran lokaci, kuma wannan gari ne ake farauta. Za a auna matsin kowace silinda. Za a daidaita kabureta biyun su riƙa shan iska daidai wa daida. Ana ɗaure noti da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse ba, sannan a zarga wa muhimman cikinsu siririyar waya yadda girgiza ba za ta kwance su ba.

Matuƙi ma da nasa rabon kafin kowane tashi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Zai juya farfela da hannu, makunni a kashe, har ya ji tankin bakin mai ya yi gyatsa, alamar mai ya komo cikinsa, sannan ya auna. Zai tsiyayi fetur kaɗan daga ƙasan tanki a ƙaramin kofi mai haske, ya ga ko ruwa ya kwanta. Ba zai ba inji wuta sosai ba sai zafin mai ya kai digiri 50. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, a kan layin wuta biyu da ba su haɗa komai ba, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Sai ya kai injin juyi 4,000 a minti, ya kashe layi ɗaya ya gani, ya mayar ya kashe ɗayan. In juyin ya ragu fiye da 300, tafiya ta fasu.

Bayan wannan duka akwai umarnin dole da ke fitowa idan aka gano wani aibi a ko'ina cikin duniya. A 2014 aka lura cewa fulot na cikin kaburetar wasu injunan Rotax, waɗanda ya kamata su riƙa yawo a saman fetur, suna shan fetur ɗin suna nutsewa. Fulot in ya nutse, fetur ya yi ambaliya, inji ya shaƙe, gobara ma na iya tashi. Aka ce a ciro su a ɗora a sikeli, in nauyin biyun ya wuce giram 7 a canza. Giram bakwai! A kan wannan ɗan nauyi rayukan mutum biyu ke rataye. A 2013 kuma hukumar kiyaye lafiyar jiragen sama ta Tarayyar Turai, EASA, ta hana kunna injin Solo 2350 C bayan da sandar da ke riƙe farfela ta karye, farfelar ta fice. Aibin da ya bayyana a jirgi ɗaya, duk masu irinsa ake tsayarwa, ba a jira kowa ya gani a nasa.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne matsayin rubutu. Kowane inji da littafinsa, kowace farfela da nata. Awa nawa ya yi, me aka canza, lambar kayan da aka sa, wa ya yi aikin, duk a rubuce, kuma mai lasisi ne kaɗai ke sa hannu. Aikin da ba a rubuta ba, a wurin doka ba a yi shi ba. A watan Afrilun 2014 sojan saman Birtaniya suka dakatar da dukan jiragen shawagin da suke koya wa matasa tuƙi da su, ciki har da masu inji samfurin Grob 109 da suke kira Vigilant. Ba faɗuwa wani ya yi ba. Bincike ne ya nuna ba za a iya tabbatar da lafiyarsu daga bayanan gyaransu ba. Matasa da yawa suka rasa damar tashi, kuma a 2018 aka yi wa Vigilant ritaya. Wasu sun ga an tsananta. Ni dai ina ganin daidai aka yi, domin jirgin da ba a san tarihin notinsa ba, ba wanda ya isa ya ɗora ɗan wani a ciki.

Da za a kawo irin wannan jirgi Kurfai, waɗancan ƙa'idoji su ne mafi ƙarancin abin da zai bukata. Ƙurar hunturu na toshe filtar iska da wuri, wadda ta kuɓuce ta shiga ciki kuma tana goge silinda. Zafin bazara na sa iska ta yi sako-sako, inji ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, fukafukai su nemi fili mai tsawo kafin su ɗauka, fetur ma na iya tafasa a cikin tiyo ya yanke wa inji abinci. Roba na saurin mutuwa a ranarmu. Fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, wanda babur ke haƙuri da shi, bai da wurin shiga a nan, domin ba a san ruwa ko dattin da ke cikinsa ba. Ga kuma zanzaro, mai gina ɗakin laka a duk ramin da ya samu. Kada a raina shi. A watan Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, kuma masu bincike sun fi zargin irin wannan ƙwaro da toshe bututun auna gudu a kusan mako ukun da jirgin ya yi a ajiye. Ƙaramin jirgi ma yana da wannan bututu, yana da kuma ƙofar numfashin tankin fetur, wadda in ta toshe inji zai mutu da tanki cike.

A Nijar, hukumar ANAC ce ke sa ido kan lafiyar jiragen farar hula, a Najeriya kuma NCAA, dukansu bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944. Aikin na bukatar mutane, kuma ƙasar nan ba ta rasa yara masu kunnen inji ba, irin waɗanda daga ƙarar babur suke faɗa maka inda ciwon yake. Abin da ke gabansu shi ne karatu, musamman lissafi da kimiyya, da sabon aunawa da rubuta duk abin da hannu ya taɓa. Makarantar EAMAC da ke Yamai tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi da ma'aikatan na'urori tun 1963, kwalejin Zariya kuma, wadda aka kafa a 1964, tana da sashe guda na koyon gyaran jirgi. Iyaye da malaman Kurfai, in kun ga yaro mai wannan baiwa, kada ku bari ya ajiye karatu saboda gareji, ku taimaka masa ya haɗa biyun.