Shin Ko Kun San? Littafin da Ya Fito da Sunan Dickens

Shin ko kun san cewa The Pickwick Papers, littafin barkwancin da ya fito da sunan Charles Dickens, tun asali hotuna aka yi niyyar sayarwa a cikinsa? Wani mai zane, Robert Seymour, shi ya kai wa kamfanin ɗab'i na Chapman da Hall a Landan shawarar a riƙa buga zanen wasu 'yan birni masu son farauta da kamun kifi, alhali ko riƙon bindiga ba su iya ba. Saura wanda zai ɗan rubuta bayani ya raka hotunan. Aka nemo wani ɗan jarida mai shekara 24 da ke sa hannu da sunan Boz, wato Dickens. Shi kuwa ya kafe, ya ce a bar shi ya tsara labarinsa, mai zane ya biyo baya. Ƙarfin halin saurayin nan yana burge ni ƙwarai.

Kashi na farko ya fito a ƙarshen Maris 1836, da koren bango, a kan sule ɗaya. Bayan kwana biyu Dickens ya angwance da Catherine Hogarth. A lokacin, sabon littafin labari mai juzu'i uku sule 31 da sisi ne kuɗinsa, sai mai hannu da shuni. Sule ɗaya a wata kuwa, akawu da mai shago ma za su iya.

Duk da haka kasuwa ta yi sanyi, 'yan ɗaruruwa aka sayar. Sai ga rashi: a watan Afrilu, kafin kashi na biyu ya fito, Seymour ya kashe kansa. Robert Buss da ya gaje shi kashi ɗaya ya zana aka sallame shi. Aka ɗauko Hablot Browne, ɗan shekara 20, wanda ya laƙaba wa kansa Phiz, suka kuwa yi sama da shekara 20 suna aiki tare da Dickens. Cikin waɗanda suka nemi aikin zanen ba su samu ba har da William Thackeray, wanda daga baya ya zama babban marubuci. Aka rage hotuna daga huɗu zuwa biyu, aka ƙara shafuka zuwa 32. Rubutu ya karɓe ragama ke nan.

To, wa ya ceci littafin? Mai goge takalma. A kashi na huɗu aka ga Sam Weller a farfajiyar masaukin White Hart, takalman baƙi jere a gabansa, yana gogewa yana zuba zance, kowa ya taɓa shi ya sha amsa. Pickwick, dattijo mai tumbi da tabarau, mai kirki amma bai san makircin duniya ba, ya ɗauke shi aiki. Daga nan jama'a suka yi caa. Kafin a kammala a ƙarshen 1837, ana sayar da kusan kwafi 40,000 a wata.

Sau ɗaya kacal wata ya wuce ba a fitar da kashi ba. A Mayu 1837 ƙanwar matar Dickens, Mary Hogarth, ta rasu farat ɗaya tana da shekara 17, Dickens ya kasa ɗaukar alƙalami.

Inda labarin ya fi taɓa ni shi ne kurkuku. Mai gidan da Pickwick ke haya, Uwargida Bardell, ta maka shi a kotu bisa zargin saɓa alkawarin aure, aka ce ya biya fam 750. Ya ƙi, aka kai shi gidan yarin Fleet na masu bashi, nan dariya ta ragu. Dickens ya san wannan rayuwa ciki da bai: a 1824 an ɗaure mahaifinsa a Marshalsea saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 yana liƙa takarda a jikin kwalaben man goge takalma.

Likitoci ma sun ci moriyar littafin. Akwai Joe, yaro mai ƙiba da barci ke sacewa ko a tsaye. A 1956 aka sa wa cutar da ƙiba ke tauye numfashi ta jawo yawan gyangyaɗi sunan Pickwick, saboda wannan yaron.