GASKIYAR LABARIN MATAR GIDAN FATALWA NA AMURKA

A garin San Hose, cikin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, akwai wani ƙaton gida mai ɗaki 160 wanda mutane ke biyan kuɗi su shiga kallo. A cikinsa akwai matakalar da ta hau ta tokari rufi, da ƙofar bene wadda in mutum ya buɗe ya taka sai ya faɗo waje. An ce wai fatalwowi ne suka hana mai gidan, Sara Winchester, sakat. Wai wata mai duba ce ta gaya mata kurwar mutanen da aka harbe da bindigar gidan mijinta na bin ta, kuma ran da aka daina gini ran nan za ta mutu. Saboda haka wai shekara 38 ba a ajiye guduma ba, dare da rana.

To, ga abin da muka samu a tarihi. A 1862 ta auri William Winchester, ɗan mai masana'antar bindigogi a garin Niyu Heben. A 1866 suka haifi 'ya mace, ba ta cika wata biyu ba ta rasu, ba su kuwa sake haihuwa ba. A 1881 tarin fuka ya kashe mijin, ya bar mata dukiya mai yawa. Sa'an nan ta ƙaura Kalifoniya, ta sayi wani gidan gona mai ɗaki takwas a 1886, ta shiga ƙara masa ɗakuna yadda ta ga dama. Ta rasu a 1922. Kowane akawu ya lissafa zai ga shekara 36 ke nan, ba 38 ba.

Wasiƙunta kuwa sun nuna ta kan sallami magina har watanni don ta huta. Ƙofofin nan da ba su kai ko'ina, yawancinsu aikin girgizar ƙasa ce ta 1906, wadda ta rushe benayen sama. Maimakon ta sake gina su sai ta sa aka toshe, ta koma zama yawanci a wani gidanta dabam. Gajerun matakalu kuma an yi mata su ne domin ciwon gaɓoɓi ya hana ta ɗaga ƙafa sosai. Wata malamar tarihi, Mary Jo Ignoffo, wadda ta buga littafi a kanta a 2010, ta bincika ba ta sami wata shaida a kan mai duban nan ba.

Ina fa labarin ya samo tushe? Mace ce mai kuɗi, ba miji, ba ta shiga jama'a, ba ta kuma tanka wa 'yan jarida. Tun tana da rai jaridu suka fara ƙaga mata magana. A 1923 aka buɗe gidan ga 'yan kallo, labarin fatalwa ya zama jari. Amma dukiyar da ta bayar aka gina asibitin masu tarin fuka da sunan mijinta, ba safai a kan ambace ta ba.

Muna roƙon malamai, in yara suka kawo irin wannan labari, a koya musu tambaya biyu: wa ya fara faɗa, wa kuma ke cin riba da shi? Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba shi da bakin kare kansa, sai masu rai sun yi masa adalci.